Yadda Ake Zaɓen Firiji Mai Daidai da Kantar Kicin, da Famfonsa na Ruwa da Ƙanƙara

Wanda ya kashe kuɗi aka yi masa kicin na zamani, da kanta ta dutse ko ta tayil da durowoyi a jere ƙarƙashinta, yawanci ranar da aka kawo firiji ransa yake fara ɓaci. A tura shi har ya dangana da bango, amma sai ka ga ya turo gaba da taƙi guda ko fiye, gefensa a fili, ya cinye rabin hanyar wucewa. Saboda wannan ne kamfanoni suka ƙera wani nau'i da suke rubuta wa counter-depth a takardar bayaninsa, wato firijin da zurfinsa ya yi daidai da na kanta.

Sunan daga Amurka ya fito. A can durowar ƙasa ta kicin zurfinta inci 24 ne, kusan santimita 61, kantar da ke samanta kuma takan ɗara da inci ɗaya ko ɗaya da rabi. A Turai ma kusan haka ne, santimita 60. Babban firiji na gama-gari kuwa yakan kai inci 30 zuwa 36 daga baya zuwa gaban ƙofa. Shi mai daidai da kanta, gangar jikinsa kawai aka rage zuwa wajen inci 24 ko 25. Idan aka haɗa da ƙofa da mariƙi zai kai inci 27 zuwa 30, wato santimita 69 zuwa 76. Ke nan ƙofofin za su leƙo waje, kuma dole ne su leƙo, domin in sun shige tsakanin durowoyi ba za su buɗu ba. Wanda yake shafewa sumul da kanta shi ne irin da ake ginawa cikin katako, kamar na Sub-Zero ko Miele, kuma kuɗinsa wata magana ce daban.

Babu dokar da ta ƙayyade santimita nawa firiji zai zama kafin a ba shi wannan suna, kowane kamfani da awonsa. A kasuwanninmu ma akwai manyan firiji masu ƙofa biyu da zurfinsu bai wuce santimita 65 zuwa 75 ba, alhali ba a rubuta musu sunan ba. Don haka kada ka sayi suna. Ka nemi lambobin.

Awo kafin ciniki

Takardar bayanin firiji takan kawo zurfi iri uku ko huɗu: na gangar jiki kaɗai, na jiki da ƙofa, na jiki da ƙofa da mariƙi, wani lokaci har da zurfinsa idan ƙofa tana buɗe a miƙe. Na farkon ne za ka gwada da kantarka. Ka auna daga bango zuwa bakin kanta, sannan ka cire gurbin da za a bari a baya domin iska da tiyon ruwa, kamar santimita 5 ko abin da littafin firijin ya ce. Idan kantarka santimita 60 ce, gangar jikin firijin kuma 61, to da gurbin baya zai leƙo da santimita 6 kafin ma a zo kan ƙofa. Mutane da yawa ba sa yin wannan lissafi sai kaya ya iso gida.

Ka durƙusa ka duba gindin bangon. Tayil ɗin da ake zagaye gindin bango da shi yakan ci santimita ɗaya ko biyu. Soket mai babban filogi idan ya faɗa daidai bayan firijin zai ci huɗu ko biyar, haka ma bawul ɗin ruwa. In kicin ɗin ba a gama shi ba tukuna, a kai soket da bawul cikin durowar da ke gefe, ko a nutsa su cikin bango. Wannan yana da wani amfani kuma: ran da ruwa ya ɓalle, za ka iya rufe bawul ba tare da ka ja firiji mai nauyin fiye da kilo ɗari ba.

Faɗin gurbin kuma a auna shi wuri uku, ƙasa da tsakiya da sama, a ɗauki mafi ƙanƙanta, domin ba kasafai bangon magini ko katakon kafinta ke miƙewa sak ba. Faɗin da aka fi samu a manyan firiji shi ne inci 36, wajen santimita 91, akwai kuma masu 33 da 30. Tsawo a haɗa da murfin hinjin da ke saman ƙofa, sannan a bar sarari a sama. Idan ɗaya gefen firijin bango ne, ka bar aƙalla santimita 10, ko abin da littafi ya nuna. Ƙofar da ba ta buɗewa ta wuce miƙe ba za ta bari a zaro durowar kayan miya a wanke ba, kuma mariƙin zai riƙa dukan bango kullum.

Saura hanyar shigowa. Ka auna ƙofar gida, ƙofar kicin, da duk kwanar da za a sha. A nan mai daidai da kanta yana da sauƙi, tunda da gefe ake shigar da shi. In dole sai an cire ƙofofinsa, a lura da waya da ƙaramin tiyon ruwa da suka bi ta cikin hinji. Akwai mahaɗar da ake dannawa a zare, ba a finciko shi.

Wata dabara ga mai gini: tunda a wajenmu magini ko kafinta ne ke yin kanta da awon da aka ba shi, kana iya cewa a zurfafa gurbin firijin cikin bango, ko a yi kantar wannan layin santimita 70. Da haka firiji na gama-gari ma zai zauna daidai, kuma ka tsira da faɗin cikinsa.

Abin da za ka rasa

Wuri. Firiji mai faɗin inci 36 na gama-gari yakan ɗauki lita 700 zuwa 800, ɗan uwansa mai daidai da kanta kuwa wajen 560 zuwa 650, kuma sau da yawa ya fi shi tsada. In takardar ta Amurka ce, da ma'aunin cubic foot suke lissafi, kowane ɗaya lita 28 ne da 'yan kai. Ka nemi adadin da ake iya amfani da shi na zahiri, domin wasu suna tallar babban adadin da ya haɗa har da gurbin da injin ƙanƙara ya cinye.

Amma lita ba ta gaya maka ko tukunyar miya za ta shiga. Ka auna murfin babbar tukunyar gidan da babban tiren da ake jera nama a kai lokacin layya, ka tafi kanti da awon da tef ɗinka. Mai ƙofa biyu a tsaye, firiza a hagu firiji a dama, kowane ɓangarensa siriri ne, babban tire ba ya kwanciya a ciki. Mai ƙofa biyu a sama da firiza a ƙasa ya fi faɗin ciki, kuma da shi ake rama zurfin da aka rasa. A ɗaya hannun, rashin zurfin yana da daɗinsa: kwano ba ya ɓuya a can ƙurya har abinci ya lalace ba a sani ba.

Ire-iren famfon ruwa da ƙanƙara

Na farko shi ne wanda kowa ya sani, famfo a jikin ƙofa ta waje, ka danna kofi ruwa ya zubo, ko ƙanƙara dunƙule ko niƙaƙƙiya. Amfaninsa a fili yake, musamman a gida mai yara: ba a buɗe ƙofa sau hamsin a wuni, sanyi ba ya tsiyayewa. Sai dai shi ne mai kayan aiki mafi yawa, da mota mai juya ƙarfen da ke turo ƙanƙara, da wuƙaƙen niƙa, da ɗan murfin da ke rufe maƙogwaron da ƙanƙara ke gangarowa, da bawul ɗin lantarki. Kowanne cikinsu yana iya lalacewa.

Inda aka ajiye injin ƙanƙarar yana da muhimmanci ƙwarai. A firiji mai firiza a hagu, injin yana cikin firiza, inda sanyi yake daman, don haka bai cika rigima ba. A mai firiza a ƙasa kuwa, domin ƙanƙara ta fito ta ƙofar sama, dole a gina wani ɗan akwati mai sanyin firiza a cikin ɓangaren da bai kai wannan sanyin ba, ko a jikin ƙofar. Da zarar robar da ke toshe akwatin ta saki, iska mai danshi ta shiga, sai raɓa ta daskare ta kama fanka da injin. Masu gyara sun san wannan matsala sarai. Ga shi kuma akwatin yana cin wuri a firijin da daman bai da zurfi. In har sai mai famfon waje kake so a wannan nau'in, wanda injinsa yake jikin ƙofa ya fi barin saman firijin a sake, ko da yake kwandon ƙanƙararsa ƙarami ne, aljihunan wannan ƙofar kuma sirara.

Na biyu shi ne famfo na ciki: ɗan maɓalli a bangon firijin ta ciki da ke ba da ruwa kawai, injin ƙanƙara kuma yana can cikin firiza yana zubawa a kwando, a ɗiba da ludayi. A ganina wannan ne ya fi dacewa da firiji mai daidai da kanta. Ƙofa ta fi rashin kauri, fuskarsa a shafe, aljihunan ƙofa cikakku, kayan lalacewa kaɗan. Akwai kuma masu jug a ciki wanda ke cika kansa duk lokacin da aka mayar da shi mazauninsa, kamar yadda Samsung da GE ke yi a wasu nau'o'insu.

Na uku shi ne wanda ba a haɗa shi da famfon gida sam. Yana da tankin roba a ciki mai ɗaukar lita uku zuwa huɗu da rabi, a cika shi da hannu, ƙaramin injin da ke ciki ya tura ruwan zuwa ƙofa, a wasu har zuwa injin ƙanƙara. A takarda za ka ga an rubuta masa non-plumbed. Wahalarsa ita ce cikawa, da wanke tankin duk mako. Ruwa zalla ake zuba masa; zoɓo ko kunun aya za su toshe hanyar su bar wari. Ga gidaje da yawa a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, wannan na ukun ne zai yi aiki ba tare da ƙarin kashe kuɗi ba, kuma ga dalili.

Ƙarfin ruwa

Firijin da ake haɗawa da famfo ba shi da injin jan ruwa. Ƙarfin ruwan gidan ne ke tura shi ta siririn tiyo mai kaurin rubu'in inci, ya ratsa filta, ya ratsa bawul, ya hau har ƙofa. Littattafan kamfanoni suna neman aƙalla psi 20, wasu 30, wasu ma 40, kuma kada ya wuce wajen 120. Psi da bar duk ma'aunan ƙarfin ruwa ne, psi 20 kusan bar 1.4 ne.

Yanzu ka dubi tankin da ke saman gidanka. Ruwan da ke gangarowa da nauyinsa yana ba da kusan bar ɗaya ne a duk tsawon mita 10. Tankin da ke kan ƙarfe mai tsawon mita 6 bai wuce bar 0.6 ba, ko rabin abin da ake nema bai kai ba. Kafin ka samu bar 1.4 sai tankin ya yi sama da firijin da mita 14, kamar bene mai hawa huɗu ko biyar. Faɗin tankin ba ya ƙara komai a nan, mai lita 500 da mai lita 5,000 duk ɗaya ne in tsawonsu ɗaya.

Idan ƙarfin ya gaza, ruwa zai riƙa zuba kamar hawaye, amma ɓarnar ta fi haka. Yawancin injinan ƙanƙara da lokaci suke aiki, bawul ya buɗe na 'yan daƙiƙu ya rufe, ko mazubin ya cika ko bai cika ba. Sai ka ga ƙanƙara ƙanana, ko masu rami a ciki da ke farfashewa su maƙale. Sannan shi bawul ɗin yana bukatar ƙarfin ruwa kafin ya rufu gam. In babu, sai ya riƙa ɗiga a hankali, ɗigon ya daskare a bakin bututun da ke zuba ruwa, ya toshe shi ɗungurungum. Mai gida ya zaci injin ne ya mutu, a canza sabo, bayan mako biyu a koma gidan jiya.

Kafin ka biya kuɗi, ka sa mai aikin famfo ya ɗaura agogon auna ƙarfin ruwa a inda za a ja layin. In bai kai ba, ko dai a sa ƙaramin injin busta mai kunna kansa idan an buɗe ruwa, ko ka koma ga mai tankin ciki. Ka tuna busta ma wuta yake sha, ran da babu wuta babu ruwan ƙofa. Bayan an haɗa, ga gwaji mai sauƙi da ke cikin littafin wasu firijin Whirlpool: a cire filta a tari ruwa, in kofi mai mililita 237 ya cika cikin daƙiƙa 8 ko ƙasa da haka, ƙarfin ya isa.

Filtar da ke cikin firijin ta gawayi ce. Tana cire wari da ɗanɗanon sinadarin kulorin, masu shaidar inganci ta NSF 53 kuma suna rage dalma da wasu abubuwa masu cutarwa, masu NSF 42 kuwa ɗanɗano da wari kawai suka shafa. Ba ta mai da gurɓataccen ruwa ya zama na sha, kuma kamfanonin da kansu suna rubuta cewa kada a haɗa ta da ruwan da ba a tabbatar da tsabtarsa ba. In ruwan rijiyar burtsatse ne mai yashi ko tsatsa, a sa filtar laka mai maikiron 5 (awon ƙanƙantar raminta) a kan layin kafin ya iso firiji, in ba haka ba ta cikin za ta toshe cikin 'yan makonni. Ana canza ta duk wata shida. Tun a kanti ka tambayi lambarta, da kuɗinta, da ko ana samunta a garin. Firijin da filtarsa sai an yi odarta daga waje, ƙarshensa famfon ya zama ado.

Wuta da zafi

Ƙanƙarar da ke kwando ita ce ta farko da ke jin ɗaukewar wuta. Ta ɗan narke, wuta ta dawo, ta sake daskarewa ta zama dutse guda, ƙarfen da ke turo ta ya kasa juyawa, in aka ci gaba da danna shi motar ta ƙone ko haƙoran roba su karye. In ɗaukewar ta daɗe, ruwan zai biyo maƙogwaron ƙofa ya zubo ƙasa. A unguwar da wuta ke tafiya na sa'o'i da yawa kullum kuma firijin ba ya kan sola ko janareta, injin ƙanƙara na ƙofa asarar kuɗi ne. Ko da wuta tsayayya, abin da yake yi a wuni bai cika wuce kilo ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Zai ishi kofunan iyali, amma ba zai cika kular buɗa-baki a watan azumi ba.

Duba ƙaramar takardar da ke manne a ciki ko bayan firijin. Wutar Nijeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce mai zagaye 50 (a takardar za ka ga 50Hz), na kasuwar Amurka kuwa an yi shi ne don bolt 115 zuwa 120 mai zagaye 60. Taransifoma za ta rage bolt amma ba ta canza zagayen, ga kuma wahalar samun kayan gyara. Wanda ya gani a intanet ya yi sha'awar a auno masa daga can, gara ya nemi irinsa da aka yi don bolt 220 zuwa 240. A takardar dai akwai ajin yanayi: N yana aiki har zafin digiri 32, ST har 38, T har 43. Kicin ɗin da ake girki a cikinsa a watan Afrilu a arewa, mai T a ciki kaɗai za a nema. Kuma firijin da aka kewaye da katako ta gefe biyu da sama ya fi wanda ke fili shan zafi, don haka kada a rage gurbin iskan nan saboda kyan gani, kada kuma a liƙa shi da murhun gas. A haɗa masa sitabilaiza ko na'urar kariya mai jinkirta kunnawa na minti uku zuwa biyar bayan wuta ta dawo. Mai sola kuma ya lissafa da hitar da ke narkar da raɓa lokaci-lokaci, domin tana jan wuta fiye da kwamfuresa mai inbata.

Ranar haɗawa

A bar shi a tsaye sa'o'i biyu zuwa huɗu kafin a kunna, in kuwa a kwance aka kawo shi a bar shi ya kwana, domin man kwamfuresa ya koma mazauninsa. Layin ruwan sanyi za a ja, da bawul na gaske mai rufewa; a guji ɗan bawul ɗin nan da ake ɗaurewa a jikin fayif ya huda shi da allura, raminsa ƙarami ne, yana toshewa kuma yana yoyo. Kafin a ɗaura tiyon a jikin firiji, a sake ruwa cikin bokiti har ya fito garau. A bar rarar tiyo kamar mita biyu a naɗe a baya yadda za a iya jawo firijin ba tare da an tsinke shi ba, kuma lokacin turawa a leƙa kada ya lanƙwashe ko taya ta taka shi. Tiyon da ya lanƙwashe alamunsa ɗaya da na rashin ƙarfin ruwa.

A daidaita ƙafafun gaba su ɗan fi na baya tsawo kaɗan, yadda ƙofa za ta koma da kanta. A sa firiji a digiri 3 ko 4, firiza a 18 ƙasa da sifiri. In firiza ba ta yi sanyi sosai ba injin ƙanƙara ba zai juye ba ko da komai nasa lafiya. Sai a tsiyayar da lita 10 zuwa 15 ta famfon a zubar, ana dannawa ana sakewa, har tari da baƙin garin gawayin su ƙare. In aka bar iska a layin, famfon zai riƙa ɗiga bayan an janye kofi. Ƙanƙarar farko takan ɗauki wuni guda kafin ta fito, kwandon kuma kwana biyu zuwa uku kafin ya cika. A zubar da zubi biyu ko uku na farko.

In ba a haɗa ruwa ba tukuna, ko za a yi tafiya, a kashe injin ƙanƙarar a rufe bawul, don kada ya yi ta kiran ruwan da babu. In ƙanƙara ta dunƙule, a zaro kwandon a juye, a wanke da ruwan ɗumi, a goge ya bushe ƙayau kafin a mayar. Kada a sa wuƙa ko sukuddireba a jikin bangon firiza: yawancin sababbin firiji gas ɗin R600a ke cikinsu, kuma yana kama wuta. Bayan hunturu ya wuce a jawo firijin, a cire filogi, a share ƙurar da ta taru a ragar baya da ta ƙasa da burushi mai laushi, a shafa hannu a mahaɗar tiyon a ji ko da danshi kafin a mayar da shi gurbinsa.